Sabon Inji a Akwatin Inna

Gusau,
19 ga Oktoba, 1997.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Mamman da matarsa Lantana da duk mutanen gida. Yaya gwiwa? Na san za ka ce da sauƙi, ko da kuwa ta kumbura ta kai tulu. Mu nan lafiya lau muke. Surukinka yana gaishe ka. Jikarka Hafsat, amaryar taka, ta ce in faɗa maka haƙoranta biyu sun fita, in ba ka hanzarta ba za ka tarar ta tsufa ta kamo ka.

Baba, Lantana ta shigo Gusau ranar Talata, ta biyo ta wurina. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce ranar kasuwar Tsafe da ta wuce ka tsallako gulbi da lodin dawa tun da hantsi, amma ba a gan ka ba sai bayan la'asar, kasuwa ta watse. Ta ce ka cika tayoyi biyu da famfon ƙafa, a ta uku gwiwar ta ƙi, ka zauna a inuwar mota har rana ta juya. Daga baya ka ja motar haka nan a kan tsakuwa, tayoyi biyu ba iskar kirki, har suka yayyage. Kuma ka shiga gida kana cewa wai inji ne ya ɗauki zafi.

Ni za ka ɓoye wa? Ni da na tashi a kujerar gaban Landirofar nan, ƙafata ba ta ko taɓa ƙasa. Ina ganinka in mun iso bakin yashi, ka sauka da tsinken ashana ka danna bawul, kana rage iska kana jan carbi don ka san iya abin da ya fita, har tayoyin su baje yadda ba za su nutse ba. Hayin can duk hanyar shanu ce, taya mai laushi take so. Amma in ka dawo da kaya ka haye, dole ka mayar da iskar kafin ka hau tsakuwa, taku sama da ɗari biyu a kowace taya. Shekara talatin ƙafar dama ɗaya ke wannan aiki. Buhu ba ya taka famfo, kai kuma ba ka ɗaukar mutum a wurin da buhu zai iya zama.

Jiya Yaya Mamman ya zo da kansa. Ya ce ya yi magana da Alhaji Jibo na Bungudu, mai Landirofa ukun nan da ke jigilar Karakkai, zai ɗauki motar. Ba hawa zai yi ba, Baba, yanka ta zai yi ya raba kayan cikinta ga nasa. Yaya ya ce da ya faɗa maka a gaban ƙannenka, sai ka tashi ka miƙa masa takardun mota, amma makullin ka mayar aljihu. Kada ka ga laifin Yaya. Yana magana idonsa ya yi ja, ya ce yana tsoron ranar da za a zo a ce masa an tsinci ubansa a bakin gulbi. Ni ma ina tsoron ranar nan. Amma akwai wadda na fi tsoro, ranar da zan zo Kucheri in same ka a ƙofar gida tun safe, ba inda za ka, kana bin motocin mutane da kallo. Tun rasuwar Inna, motar nan ce ke tashe ka da asuba, na sani.

Na roƙi Yaya ya dakata zuwa azumi, ya yarda da sharaɗi ɗaya: in ka sake maƙalewa kafin nan, magana ta ƙare. Surukinka ya ce ya taɓa ganin wani ɗan inji a hannun masu haƙa rijiyar burtsatse, wanda ke ba taya iska ba tare da an taka ba. Zan nemo maka shi. Kafin nan kada ka tsallaka gulbi. Kai ka sa mini sunan mahaifiyarka, kai kake kirana Uwata tun ina rarrafe, to yau uwar ce ke magana.

Ka gaishe da kowa. Allah ya ƙara lafiya.

Taka,
Halimatu Sadiya.

*

Gusau,
2 ga Nuwamba, 1997.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan gida lafiya, gwiwa tana hutawa kamar yadda na ce. Na ji an ce tun da na hana ka tsallaka gulbi kake wanke mota sau biyu a rana. Ka bar ɗan fentin da ya rage mata.

Direban da ya kawo maka takardar nan zai miƙa maka kwali. Kafin ka buɗe, bari in ba ka labarin wahalar da na sha, don ka san ba da ka na zaɓa ba.

Kwana huɗu ina tashi daga makaranta in wuce layin masu kayan mota da alli a hannuna. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha ba abin da ba a kawowa, sai dai mai sayarwa ma wani lokaci bai san amfanin abin da ke shagonsa ba. Da farko dariya suka yi ta yi mini, wai malamar firamare ta zo sayen famfo, ko keken ɗinki ne ya yi faci. Na bar su suka gama, sannan na tambayi wani ko injinsa zai ɗaga tayar Landirofa mai lodi daga iskar yashi zuwa iskar titi, sau huɗu a jere. Sai ya jawo mini kujera.

Iri uku na samu. Na farko mai waya ne, a batirin mota yake shan wuta. Yana da ƙarfi, ba ya gajiya, kowa shi yake nuna mini. Amma na tuna batirinka, wanda saboda shi kake ajiye mota a gangaren masallaci don ta tashi da kanta. In injin ya shanye ɗan abin da ke ciki a bakin gulbi, wa zai tura ka? Na ajiye shi. Sauran biyun ba su da waya, batirinsu na cikinsu, caji ake yi musu kamar fitila. Ɗaya ja ne, ƙarami, har da tocila a goshi, kyakkyawa ƙwarai, Hafsat ta gani ta ce shi za a saya. Ɗayan baƙi ne, mummuna, nauyinsa ya kai galan ɗin man gyaɗa.

Na ce ba zan ɗauka ba sai na gwada a kan tayar gaske. Mai shagon ya yarda bayan surukinka ya tsaya mini. To ina zan sami Landirofa da mai ita zai yarda a sace mata iska? Baba, kada ka yi fushi: Bungudu muka je, garejin Alhaji Jibo. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni 'yar wace ce da abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo aron motarsa don ya hana shi ciniki ba. Ya sa aka kawo ɗaya mai lodin masara daga Karakkai. Ni da kaina na durƙusa da tsinken ashana na rage iskar, direbobinsa sun kewaye ni suna kallo.

Jan nan ya fara da kuka mai daɗi. Ya cika taya ɗaya, a rabin ta biyu ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa, ya fara warin ƙonannen roba, ya yi shiru. Na keke ne da ƙwallon yara. Baƙin kuwa gurnani yake a hankali, ba ya sauri. Na duba agogo, kusan minti takwas kowace taya. Na ba shi hutun minti biyar bayan ta biyu, ya gama huɗun, har da ragowar ƙarfi da ya ƙara wa safaya. Alhaji Jibo ya ce in mai shagon yana da wani, yana so. Na ce guda ɗaya ne, kuma yana da mai shi.

Ga yadda za ka yi. Ka maƙala bakin tiyon a bawul, ka danne marfin, ka murɗa maɓallin gefe, ka koma inuwa. Akwai geji na awon iska a samansa, na ɗiga jan farce a inda allurar za ta tsaya. Na san ba ka yarda da geji ba, wilsifana, ƙarfen kwance taya, za ka ɗauka ka ƙwanƙwasa taya ka saurara. Ka yi, ban hana ba. In ka isa Tsafe ka kai shi wurin Malam Anas mai gyaran rediyo a bakin tasha, na yi magana da shi, zai jona maka har ka gama kasuwa. Kada ka tambayi nawa na saya, ba zan faɗa ba.

Allah ya sa albarka a ciki. Surukinka da Hafsat suna gaisuwa.

Taka,
Halimatu Sadiya.

*

Gusau,
23 ga Nuwamba, 1997.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da mutanen gida duka. Takardarka ta iso. Na karanta sau uku, albarkar da ka sa mini kuwa ta cika shafi har ta gangara gefe, sai da na juya takardar ina bin rubutun. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na ji daɗi da ka ce duk Kucheri an zo gani, har liman, kuma ka kunna musu sau ɗaya suka ji gurnaninsa. Na ji daɗi da ka ce tun da kake ba wanda ya taɓa ba ka kyauta irin wannan. Amma Baba, tambaya uku na yi maka ta bakin direba, ba ka amsa ko ɗaya ba. Ka koma tsallaka gulbi, na ji. Minti nawa yake ɗauka a tayarka? Yana gama huɗun? Malam Anas kuma ya aiko cewa har yau bai ga injin da idonsa ba. Ina kake yi masa caji?

Ka amsa mini waɗannan. Saura mako biyar azumi.

Taka,
Halimatu Sadiya.

*

Gusau,
14 ga Disamba, 1997.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma. Ina fatan kumburin ya saɓe, kana shan maganin da na bari a wurin Lantana. Na iso gida lafiya jiya. Da na yi maka sallama ka juya fuskarka bango, ba ka amsa ba, kuma ban ga laifinka ba. Abin da na kasa faɗa a gabanka shi zan rubuta.

Da saƙo ya zo cewa makiyaya sun same ka a kwance kusa da famfon ƙafa, su suka taka maka iskar suka ɗora ka a kujera, abin da ya fara zo mini shi ne injin ya ci amanata. Duk hanyar Tsafe ina zagin kaina, ina cewa da na ɗauki mai waya. Na sauka na wuce wurin mota tun kafin in gaishe ka, na duba ƙarƙashin kujera, na duba baya, babu. Sai Lantana ta ja ni ɗakinka ta nuna mini ƙarƙashin gado.

A akwatin Inna na same shi, Baba. Yana cikin kwalinsa, kwalin yana cikin leda, ledar an naɗe ta da sabon tawul. Ko ƙura babu. Lantana ta ce ka ce abin da Uwarka ta sha wahala ta nemo ba zai shiga yashi da baƙin mai ba, kuma sai baƙo ya zo kake fito da shi, ka goge, ka mayar. Sau biyar ka tsallaka gulbi kana taka famfo da wannan gwiwar, injin yana gida yana hutawa.

Da na ɗaga shi sai na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Turmin atamfar nan ne mai ruwan ganye, wanda ka sayo wa Inna daga Funtuwa shekarar da motar ta zama taka. Ina tunawa da ranar, ta shimfiɗa shi a gado tana shafawa, ta ce ya fi ƙarfin zaman gida, sai Sallah. Sallah ta zo ta ce sai bikin Yaya. Bikin Yaya ya wuce ta ce sai nawa, nawa ya wuce ta ce sai sunan Hafsat, ranar sunan kuma ta ce ai girki za ta yi, kada ya ɓaci. Shekara goma sha tara tana fito da shi ta kakkaɓe ta mayar. Ta tafi takardar kanti tana manne a jikinsa. Ranar rabon gado ka ce ba ka son komai a cikin kayanta sai shi. Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk sanda na tuna Inna, ba ciwonta ke fara zo mini ba, turmin nan ne, da yadda ban taɓa ganinsa a jikinta ba.

Sauran ka gani da idonka daga kan tabarma. Na cusa kwalin a murhun da Lantana ke tuƙa tuwo. Na kai injin bakin rijiya na gurza shi a dutse ta kowane gefe har baƙin fentin ya kankare. Na ɗauki ƙusa na rubuta sunanka, Tambaya Direba, a bayansa, da rubutun da in ɗalibina ne ya yi sai na sa ya sake. Na lakato baƙin mai na shafe shi, na kai na ɗaure a ƙarƙashin kujerarka da tsohuwar roba. Maƙwabta sun leƙo ta katanga, na ji wata tana tambayar ko an taɓa yi mini ruƙiyya. Ban taɓa geji da tiyo ba, lafiyarsa lau, kuma na biya ta wurin Malam Anas na ce ya aika a karɓo ya yi masa caji. Kyansa kawai na kashe. Yanzu ba wanda zai zo kallonsa, ba kuma abin da yashi zai rage masa.

Na san kyauta ce, ta zama taka, ba ni da ikon ɓata ta. Na san na yi a gabanka, a gaban surukarka. Ka yafe mini. Amma ban yi nadama ba, in na ce na yi, ƙarya na yi maka.

Yaya Mamman ya ce sharaɗi ya cika, Alhaji Jibo zai aiko a ja motar. Mun daɗe a zaure ni da shi. Na ce masa injin bai gaza ba tunda bai taɓa fita ba. Da ƙyar ya yarda da tafiya ɗaya tak: in gwiwar ta saɓe, zai hau tare da kai, ya zauna ya naɗe hannu, ba zai taɓa komai ba. In ka kai Tsafe da ƙafafunka lafiya, zai mayar maka da takardu. In ka ɗauko famfon ƙafa, ko ka bar injin a gida, shi ke nan, ni ma ba zan ƙara cewa komai ba.

Ka yi fushi da ni iya son ranka, Baba, amma ka tafi da shi.

'Yarka mai laifi,
Halimatu Sadiya.

*

Gusau,
28 ga Disamba, 1997.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka barka da shirin azumi, Allah ya nuna mana da rai da lafiya. Yaya gwiwa? Wannan karon ka faɗi gaskiya.

Yaya Mamman ya zo ranar Litinin, ya ba ni labari tun daga tsinken ashana. Ya ce ka jona injin kana gunaguni, ka koma ka zauna a kan buhu kana ɓarar gyaɗa, ba ka ko ba shi ba. Ya ce ba ka kalli geji ba sam, sai da ka tashi ka ƙwanƙwasa taya da wilsifana ka ce ta yi, shi kuma ya leƙa ya ga allura a kan jan farcena daidai. Wai sai ka ce ashe injin yana da kunne. Kun shiga Tsafe ana kan sauke kayan farko. Ya ce shi da kansa ya je Bungudu ya ba Alhaji Jibo haƙuri, Alhajin ya ce dama ya sani tun ranar da ya ga 'yarka a durƙushe da tsinken ashana. Takardu suna hannunka, alhamdu lillahi. Amma bayan Sallah za ka zo a duba gwiwar nan a asibiti, wannan sharaɗina ne, ba na Yaya ba.

Na tambaye shi ko ka ba shi takarda ya kawo mini. Ya ce babu, sai dai ƙunshi. Ya ciro shi daga jaka, an naɗe da tawul ɗin nan. Ya ce ka ce a ba Uwarka, kuma ka ce kada a kuskura a ba ta da akwati.

Na buɗe na ga turmin nan mai ruwan ganye. Ƙamshin akwatin Inna yana jikinsa. Baba, na daɗe a zaune da shi a cinyata, har Hafsat ta tsorata ta je ta kira ubanta. Ban bari ya kwana a ninke ba. Na ɓalle takardar kantin da hannuna, na kai wa tela a ranar, na tsaya a kansa har ya sa almakashi.

Ranar Laraba na karɓo. Na sa na je makaranta, alli ya ɓata hannun rigar. Da na dawo ban canza ba, na shiga kicin na yi miya, manja ya fallatsa a gaban zanin, an wanke bai fita duka ba. Da shi zan zo maka Sallah, ka ga tabon. Ka zo ka ɗauke mu a tashar Tsafe, a Landirofa, kuma ka rage buhu ɗaya don Hafsat ta sami wurin zama a gaba.

Ka gaishe da Yaya da Lantana. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Uwarka,
Halimatu Sadiya.